Koyon busa a gaban malami ko ɗauko hayar masu turombon: wanne ya dace da kai?

Akwai wani sauti da idan mutum ya ji shi sau ɗaya a babban zaure, da wuya ya bar kunnensa: turombon huɗu, wato irin dogon ƙahon nan na tagulla, suna busa a hankali, tare, kamar maza huɗu masu kaurin murya suna rera waƙa baki rufe. Wanda ya ji yakan fita da ɗayan buri biyu. Wani ya ce ina ma a busa wannan a tarona, wani kuma ya ce ina ma ni ne nake busawa. Mutane da yawa suna cakuɗa burin nan biyu, har ka ga wanda taronsa ya rage wata huɗu ya tafi neman malami, ko shugaban makarantar da yake son ɗalibansa su iya busa yana kashe kasafinsa duk shekara wajen ɗauko masu busa daga waje. Kuɗi ake fara dubawa idan za a zaɓa. A ganina lokaci ya kamata a fara dubawa, domin shi ne ainihin abin da ya raba hanyoyin biyu.

Kayan busa na tagulla masu kaurin murya uku ne aka fi sani: turombon, yufoniyom da tuba. Sunan na ƙarshe ya yi daidai da kalmarmu ta tuba, amma daga Latin ya fito. Dukansu leɓe ne yake haifar da sautinsu. Mai busa yana haɗa leɓɓansa a cikin wani ɗan kofin ƙarfe, ya turo iska, leɓɓan su yi rawa, bututun kuma ya karɓi wannan rawar ya mayar da ita amo. Wannan ne ya sa ba a iya yi wa koyonsu gaggawa. Naman da ke kewaye da baki sai ya yi ƙarfi a hankali, kamar na ɗan tsere, kuma babu kuɗin da zai gajarta masa hanya.

Idan taro ne a gabanka kuma bai kai shekara ba, ka ɗauko masu busa, maganar ta ƙare a nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon ɗalibi mai himma zai iya busa 'yan gajerun waƙoƙi cikin watanni kaɗan, amma murya mai daɗi wadda za ta tsaya cak a gaban jama'a, ga faɗuwar gaba ga bushewar baki, aikin shekaru ne. Ina faɗin haka ne don na fi son mutum ya ci gaba da koyo a kan ya ji kunya sau ɗaya ya rufe akwatin ƙahonsa har abada.

Wanda ba taro ne ya dame shi ba, shi ne ya kamata ya tsaya ya duba darasin malami da kyau, kuma a nan ne maganar ta fi yawa.

Turombon da aka saba gani ba shi da maɓalli. Abin da yake da shi bututu ne mai zamewa da ake turawa ana jawowa, mai matsayi bakwai, kuma babu ko ɗigon alama a jikinsa da zai nuna inda matsayin yake. Kowane matsayi yana sauke sauti da rabin mataki, wato mafi ƙanƙantar tazara tsakanin sauti biyu a fiyano, tazarar kuma tana ƙara faɗi yayin da hannu yake nisa, har na bakwai ya kai fiye da rabin mita daga na farko. Kunne ne yake gaya wa hannu inda zai tsaya. Sabon ɗalibi kuwa kunnensa bai riga ya san daidai ba, saboda haka zai iya shafe wata shida yana tsayawa a gefen matsayi na biyar yana jin ai daidai ne. Bidiyon intanet ba ya jin abin da kake busawa. Malamin da yake zaune kusa da kai yana ji, ya busa sautin tare da kai, ka ji yadda naka da nasa suke karo suna kaɗawa, ka ɗan matsar da hannu har kaɗawar ta lafa. Wannan minti ɗayan shi ne babban abin da ake biya a darasi na mutum ɗaya.

Na biyu shi ne numfashi da leɓe. Kurakuran da suka fi cutar da masu koyo ƙanana ne a ido: danna kofin da ƙarfi a kan leɓe don a kai sauti na sama, kumbura kumatu, ɗaga kafaɗa wajen jan iska, toshe ƙarshen sauti da harshe. Duk suna aiki a makon farko, shi ya sa suke kama jiki. Bayan shekara biyu sai su zama katanga, kuma warware su ya fi koyon sabo wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Arnold Jacobs, wanda ya busa tuba a ƙungiyar makaɗa ta Chicago daga 1944 zuwa 1988, ya shahara da koyarwa a kan abu biyu, waƙa da iska: ka ji sautin a kanka kamar kana rera shi, sannan ka bar iska ta gudana. Masu busa kaya iri-iri sun riƙa zuwa wurinsa don gyaran numfashi kawai, har da waɗanda suka riga suka ƙware. Idan ƙwararru suna buƙatar kunnen wani, ina ga mai farawa.

Akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi, kuma ba na raina su. Shiga badujalar makaranta ko ta majami'a yana koya wa mutum abin da darasin ɗaki ba ya koyarwa: ƙidaya lokaci, jiran shigarka, daidaita muryarka da ta maƙwabcinka. Amma mai jagorar mutum talatin ba shi da lokacin duba bakin mutum ɗaya, kuma sau da yawa shi kansa wani kayan ya iya, ba naka ba. Mafi kyau a haɗa biyun. Idan kuwa dole sai ɗaya a shekarar farko, ni malami zan zaɓa, ko da sau biyu ne a wata, a shiga ƙungiya daga baya.

Darasi ta intanet yana tsakiya. Yana ceton wanda babu malamin tuba ko yufoniyom kusa da shi, kuma irin waɗannan malaman ba su da yawa ko'ina. Sai dai manhajoji irin su Zoom an gina su ne don magana, suna ɗaukar dogon sautin ƙaho a matsayin hayaniya su datse shi, sai an shiga saiti an kunna zaɓin da ke barin sauti yadda yake. Jinkirin layi kuma ba ya barin malami da ɗalibi su busa a lokaci guda, wato ainihin abin nan na daidaita sauti da na ambata ya tafi. Ga wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku, intanet ya wadatar. Ga mai farawa, ya yi ƙoƙari darussansa na farko su zama ido da ido.

To wane kayan za a ɗauka? Malamai da yawa suna koyar da ukun duka, don haka zaɓin naka ne.

Turombon shi ne dattijo a cikinsu. Kakansa ya bayyana a Turai tun ƙarni na 15, kuma sunan na Italiyanci ne, ma'anarsa babban ƙaho. Wanda aka saba farawa da shi bututunsa ya kai kimanin mita 2.7 idan an miƙe shi, ba shi da nauyi sosai, kuma ya fi sauran sauƙin samu. Babbar fa'idarsa ita ce ƙofofin da yake buɗewa. Babbar ƙungiyar makaɗa ta gargajiyar Turai takan ɗauki uku, babbar ƙungiyar jaz takan ɗauki huɗu, yana cikin badujalar soja, yana cikin salsa, kiɗan rawa na mutanen Latin Amurka, inda makaɗi Willie Colón ya mayar da shi muryar gaba. Matsalarsa ga yaro ƙarami ita ce tsawon hannu: matsayi na shida da na bakwai sukan fi ƙarfinsa. Akwai turombon mai bawul ɗaya, wato maɓallin da ke sauya hanyar iska, da ake dannawa da babban yatsa, wanda yake rage buƙatar miƙa hannu can nesa, amma ya fi nauyi da tsada. Akwai kuma na roba, irin pBone, mai sauƙin ɗauka, wanda ya isa a gwada sha'awar yaro kafin a sayi na ƙarfe.

Yufoniyom tsawon bututunsa ɗaya da na turombon, amma nasa yana ƙara faɗi tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa muryarsa take da taushi da zagaye. Sunan daga Girkanci ne, yana nufin mai daɗin murya, kuma ya fito ne a Jamus a farkon shekarun 1840. Bawul uku ko huɗu gare shi, ana rungume shi a ƙirji. A cikin ukun, shi ne yake saurin ba mai koyo sauti mai daɗi, domin yatsa yana danna abu tabbatacce. Ina yawan ba da shawararsa ga babba da ya fara a makare yana son jin daɗin busa da wuri. Sai dai a sani, gidansa badujala ne, ta soja da ta tagulla zalla irin ta Ingila, inda yake da babban matsayi. A babbar ƙungiyar makaɗa ba shi da kujera ta dindindin, sai jefi-jefi ake kiransa.

Tuba kuwa an yi masa rajista a Berlin a 1835, da sunan Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz. Babbansa bututunsa ya kai kusan mita 5.5, nauyinsa na iya kai kilo goma ko fiye. Iska mai yawa yake so, amma a hankali, ba da ƙarfi ba. Duk ƙungiya tana neman mai tuba, kuma masu busa shi kaɗan ne, don haka ɗalibinsa ba ya rasa wurin zama. Amma kafin a ƙulla, a yi tunanin inda za a ajiye shi da yadda za a kai shi darasi kowane mako. Da yawa suna farawa da yufoniyom su koma tuba daga baya, tunda tsarin yatsun kusan ɗaya ne.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai farawa ba: rubutun kiɗan ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Babbar ƙungiyar makaɗa da jaz suna rubuta wa waɗannan kaya da alamar ƙasa, wato tsarin rubutun sautuka masu kauri. Badujalar tagulla irin ta Ingila kuwa tana rubuta musu da alamar sama, ta sautuka masu siriri, ban da turombon mafi kaurin murya. Idan ka san ƙungiyar da kake son shiga, ka gaya wa malami tun ranar farko, don kada ka yi shekara kana karanta abin da ba shi za a ajiye maka a gaba ba.

Wajen zaɓen malami, ka nemi darasin gwaji guda. Ka lura ko yana busawa ka ji, domin murya ta kunne ake ɗaukarta. Ka lura ko ya saurare ka sosai kafin ya fara gyara, kuma ko ka fita da abu ɗaya ko biyu da za ka yi aiki a kai, ba goma ba. Ka tambaye shi wane kayan ne nasa na asali. Ƙwararren mai turombon zai iya kai ɗalibin tuba nesa, amma akwai inda zai tsaya. Malamai da yawa suna bin littafin Arban na 1864, wanda asalinsa na ƙaramin ƙaho ne aka mayar wa manyan ƙahoni, da kuma darussan waƙa na Bordogni da Joannès Rochut ya tsara wa turombon a 1928. Wanda yake son takardar shaida zai iya bin jarrabawar hukumomi irin su ABRSM ta Birtaniya, mai mataki 1 zuwa 8. Rabin awa ya ishi yaro, babba minti 45 ko awa ɗaya. Amma kuɗin darasi asara ne idan ba a taɓa ƙahon tsakanin darasi da darasi ba. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar hutu, don leɓe ba ya ajiye bashi. Mai maƙwabta na kusa ya sayi abin toshe bakin ƙaho na atisaye, amma kada ya mayar da shi na kullum, domin yana sauya yadda iska take fita.

Mu koma ga mai taro. Me ya sa turombon zalla, alhali akwai ƙungiyoyin da suka haɗa kaya iri-iri?

Dalilin yana cikin wannan bututun mai zamewa da yake wahalar da ɗalibi. Fiyano an ɗaure sautukansa a wuri ɗaya, kowanne an ɗan karkatar da shi don duka su zauna tare. Mai turombon kuwa yana iya matsar da sautinsa da ɗan ƙanƙanin abu har ya haɗu da na abokinsa tsaf. A wani nau'in haɗin sauti uku da aka fi sabawa da shi, na tsakiya sai an sauke shi da kimanin kashi 14 cikin 100 na rabin mataki kafin haɗin ya kwanta sarai, kuma ƙwararrun masu turombon suna yin haka da kunne ba tare da tunani ba. Ga shi kuma muryoyin duka launi ɗaya ne. Wannan ne yake sa huɗu su zama kamar baki ɗaya. Turawa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka haɗa shi da ibada da makoki. Shahararren mai tsara kiɗa Beethoven ya rubuta gajerun kiɗa uku na turombon huɗu a garin Linz na ƙasar Austriya a 1812, kuma an busa biyu daga cikinsu a jana'izarsa a Vienna a 1827. Wani mai tsara kiɗan, Bruckner, ya rubuta irinsu na turombon uku a 1847. A garin Bethlehem na jihar Pennsylvania a Amurka, mabiya majami'ar Morabiya suna da ƙungiyar turombon tun 1754. A zamanin baya-bayan nan kuma Emory Remington, malami a makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester, shi ne ya yaɗa al'adar haɗa ɗalibai masu yawa su busa tare kamar ƙungiyar mawaƙa.

Saboda haka idan taronka mai nauyi ne, na tunawa da mamaci, na ibada, na shigowar manyan baƙi ko yaye ɗalibai, huɗu sun isa, kuma da wuya wani abu ya fi su. Yawanci uku ne masu matsakaiciyar murya da ɗaya mai kauri. Suna iya jaz ma, da waƙoƙin zamani da aka sake tsara musu.

Abokin hamayyarsu shi ne rukunin biyar: ƙananan ƙaho biyu masu siririyar murya, hon ɗaya (ƙaho mai naɗaɗɗen bututu), turombon ɗaya, tuba ɗaya. Wannan ya fi haske da ƙyalli, ya fi faɗin murya daga sama har ƙasa, kuma kiɗan da aka riga aka rubuta masa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Idan shirin zai ɗauki awa biyu, ko ana son shela mai tayar da zaure, ko jama'ar suna son jin waƙoƙin da suka sani da muryar sama a fili, biyar ɗin sun fi dacewa. Launi ɗaya da yake ƙawata turombon huɗu a minti 20 na iya gundurar wanda bai saba ba idan aka ja shi awa guda. Ƙungiya ta takwas ko goma sha biyu kuwa sai babban wuri. A ƙaramin ɗaki za su cika kunne har magana ta gagara.

Kada ka sayi kifi a ruwa. Ka nemi faifan da suka busa kai tsaye a gaban jama'a, ka kuma tambaya ko mutanen da ke cikin faifan su ne za su zo, domin wasu ƙungiyoyin suna ne kawai, ana tattaro duk wanda yake da sarari. Ka tambayi tsawon busa da tsawon hutu. Leɓe yana gajiya, kuma a rukunin huɗu babu inda mutum zai ɓuya ya huta, saboda haka ƙungiyar da ta nemi hutu bayan minti 40 ko 45 gaskiya ta faɗa maka. Idan akwai waƙa ta musamman da kake so, ka faɗa da wuri, domin sai wani ya zauna ya raba ta murya huɗu, aikin yana cin lokaci kuma ana biyansa daban. Ka tanadi kujeru marasa hannu, da fili a gabansu don bututun yana miƙewa, da haske don karatu. A waje, sanyi yana sauke sautin tagulla, zafi yana ɗaga shi, iska tana kwashe takarda, saboda haka a samar musu inuwa da abin maƙale takardu. Lasifika galibi ba a buƙatarta, sai dai ka sani bakin turombon gaba yake kallo, wanda ya zauna daf da shi zai sha ƙara. Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuta shi: lokacin isowa, kayan sawa, kafin alƙalami, abin da zai faru idan an ɗaga taro ko ɗayansu ya kamu da rashin lafiya.

Ɗaliban makarantar kiɗa da suka yi nisa sukan kafa rukunin huɗu, kuma suna da sauƙi a kan ƙwararru. Ga liyafa ko kiɗan tarbar baƙi sun wadatar. Ga lokacin da ba a maimaitawa, kamar shigar amarya ko rakiyar gawa, inda sai an tsawaita ko an datse kiɗa nan take da kallon ido kawai, na fi natsuwa da waɗanda suka daɗe suna yi.

Wanda zaɓin ya fi yi wa wuya shi ne mai riƙe da kasafin makaranta ko majami'a. Idan sau ɗaya ko biyu a shekara kuke buƙatar busa, ku ɗauko haya, domin sayen kaya, gyaransu, man bututu da na bawul, da biyan malami shekara da shekaru ya fi ƙarfin wannan buƙatar. Idan kuwa kusan kowane mako ne, haya za ta cinye ku ba tare da ta bar muku komai ba. Ku ɗauki malami ɗaya, ku fara da ɗalibai shida ko takwas, tunda wasu za su bari a hanya, ku kuma amince cewa shekara biyu ko uku na farko sai kun ci gaba da ɗauko haya a manyan ranaku. A waɗannan ranakun ku zaunar da ɗaliban a sahun gaba, ku roƙi baƙin su ba su rabin awa bayan an tashi. Yawancin masu busa na haya malamai ne a sauran kwanakin mako, kuma idan har yanzu ba ku sami mai koyarwa ba, ku tambayi wanda busarsa ta fi shiga ranku ko yana karɓar ɗalibai.